Abin da Ƙanin Matata Ya Zuba Min a Ƙarƙashin Ido

Ƙanin matata ya tsira min allura a fuska, ya rantse min cewa duk ranar da na ce ba na so, yana da maganin da zai narkar da abin da ya zuba. Ba shi da shi. Ko a hannu bai taɓa riƙe shi ba. Kuma da fuskar ta kumbura, ya tsaya a tsakar gidana yana kallon yayarsa tana kuka, ya buɗe baki ya ce a je a duba ƙoda. Wannan shi ne abin da ya yi min, ba ƙari ba ragi.

Ni ɗan kifi ne. Banda nake saya a hannun masunta a gefen Gashuwa, in ɗaure a kwali in kai Nguru ran kasuwa, inda mutanen Kudu suke zuwa su kwasa. Bokona bai yi nisa ba, a tsakiyar sakandare na ajiye. Ina karanta saƙo a waya, ina iya rubutu irin wannan da kuke gani, amma Turancin da ake rubutawa a jikin kwalin magani ya fi ƙarfina. Da na iya shi, wataƙila da ban zauna a kan bencin nan ba.

Wanda ba ɗan garinmu ba sai na yi masa bayanin abu ɗaya. Mu a Gashuwa kallon fuska muke yi. Ciwon ƙoda ya ɗauke mana mutane har mun koyi karanta shi kafin likita. In ka gaisa da mutum da safe, bakinka yana cewa ina kwana, idonka yana kan ƙasan idonsa. In ya tasa, sai ka je gida ka ce wa matarka, wane fa sai addu'a. Yayana uwa ɗaya uba ɗaya haka ya tafi. Ƙasan ido ya fara, sai ƙafa, sai ya kasa sa takalmi, sai zirga-zirgar wankin ƙoda har gonarsa ta fadama a Katuzu ta bar hannunmu. Ni na riƙe shi, ni na yi masa wanka. Fuskar da na rufe da likkafani ba ita ce wadda muka tashi tare ba.

Bayan rasuwarsa na kwanta zazzaɓin taifot. Na tashi, amma naman fuskata bai dawo ba. Ƙasan idona ya zurma, kumatu suka faɗa. Lafiyata ƙalau, ina ɗaga kwalin kifi ni kaɗai in ɗora a mota, amma duk inda na gifta sai an ce, sannu, ya jiki? A masallaci ya jiki, a tasha ya jiki. Wani abokin sana'ata a Nguru, Babarbare mai baki kamar reza, kullum in na sauke kaya sai ya ɗaga murya da gaisuwar yarensu: "Wushe, wushe! A ware min wannan tarwaɗar mai hula, ta fi sauran bushewa." A yi dariya, ni ma in yi. Amma abin yana cina. Mutum yana da lafiya a riƙa yi masa gaisuwar mara lafiya, ba daɗi.

A wannan tsakanin ƙanin matata ya dawo daga Kano. A hannuna ya yi rabin girmansa, a gidana ya ci tuwo har ya gama makaranta. Ya yi shekaru yana aiki a wani wurin gyaran fata na masu hali, ban san ko me yake yi musu ba, shi dai ya ce yana taimaka wa likita. Ya buɗe kemis a Nguru bayan layin 'yan hatsi, ya sa labule ya raba shagon biyu, ya rataya farar riga. Ran kasuwa in na gama ciniki nakan biya in huta a wurinsa kafin in hau mota. Wasa ne tsakaninmu kamar yadda aka saba tsakanin mutum da ƙanin matarsa. Ina ce masa likitan bayan labule, yana ce min tsohon ango.

Wata rana ya ƙura min ido ya ce, "Yaya, wannan ramin na ƙasan idonka kaza za ta iya yin ƙwai a ciki."

Na ce, "Kai dai ka kawo kazar."

Ya ce, "Da gaske nake. Akwai allura, fila sunanta. Wani ruwa ne mai kauri, irin wanda Allah ya riga ya halitta a jikin mutum. A zuba a wurin, ya cika, shi ke nan. Manyan mutanen da kake gani a talabijin, ka ɗauka tuwo ne ya cika musu fuska?"

Na ce wannan ai harkar mata ce. Ya yi dariya ya nuna min hotuna a waya, maza da gemu, ga kafin ga bayan. Na ce to in abin ya ɓaci fa? A nan ya kama ni. Ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Kyan wannan ke nan. Ba kamar tsaga ba ce da in an yi an yi. Tana da makarinta. In ka tashi ka ga ba ta yi maka ba, allura ɗaya zan yi maka ta narke kamar gishiri a ruwa. Ga shi can a firji." Ya nuna ƙaramin firjin da yake ajiye lemo da alluran yara. Ban ce ya buɗe ba. Wa zai ce wa yaron da ya rena ya buɗe firji ya gani?

Ban yarda a ranar ba. Sai da Babarbaren nan ya sake yi min a gaban wani baƙon mai saye, baƙon ya tambaya a hankali ko kifin mara lafiya yana da tsabta. Da na tashi daga kasuwa, kai tsaye na wuce bayan labule.

Na tuna komai na zaman nan. Ya goge min fuska da auduga mai sanyi. Ya yage wata leda a rufe, ya fito da sirinji siriri da ruwansa a ciki, ya yi min ɓangaren dama. Akwai zafi, amma ba na a zo a gani ba. Sirinjin ya ƙare. Sai ya jawo durowa ya ɗauko wata 'yar kwalba wadda ba rubutu a jikinta, ya zuƙa da sirinjin allurar zazzaɓi, ya nufo hagu. Na ce wannan fa? Ya ce, "Duk ɗaya ne, Yaya. Wancan na kanti ne, wannan na sari." Ni ɗan kasuwa ne, na san kanti na san sari. Na rufe ido.

Da ya gama ya ce kada in faɗa wa kowa, har yayarsa, sai an fara tambayata sirrin sannan in turo masa mutane a ɓoye. Dama ba ni da niyyar faɗa. Namiji mai 'ya'ya a gidan miji ya ce ya je an gyara masa fuska? A rumfar kifi da na shiga uku.

Gaskiya ɗaya ce, makonnin farko abin ya yi kyau. Aka daina ce min ya jiki. Matata ta ce burabuskonta ne ya karɓe ni, ta ƙara min man shanu. Babarbaren ya ce tarwaɗa ta sha ruwa. Har tsayawa nake a madubin babur ɗin mutane in kalli kaina.

Sai wata safiya bayan na dawo daga sallar asuba na ji idona yana min nauyi kamar wanda ya yi kuka. Matata ta kawo koko, ta ɗago ta dube ni, kofin ya karkace a hannunta har ya zuba a tabarma. Ta durƙusa ta ɗage ƙafar wandona, ta sa babban yatsa ta danna ƙaurina, ta cire, ta tsaya tana kallo ko wurin zai lotsa. Haka muka riƙa yi wa yayana. Ba wanda ya koya mana, duk garin an iya.

Wurin bai lotsa ba. Ta ce, "Nasa ma ai da farko bai lotsa ba."

Na ɗauki madubinta. Ƙasan idona biyu sun tasa kamar an hura, na hagu ya fi, ga wani haske-haske a fatar. Wallahi ba fuskata na gani ba, ta yayana na gani. Na fita bayan gida na tsuguna ban yi komai ba.

Zuwa azahar kumburin ya ɗan sauka. Washegari da safe ya dawo. Wannan shi ne ya gama kashe min jiki, domin haka na ƙoda yake yi, ya tashi da kai da safe ya lafa da rana. Na fara yin fitsari a tsohon gwangwani ina duba kumfa. In na ga kumfa, in ce shi ke nan. In ban gani ba, in ce yau ne kawai. Matata ta cire gishiri da magi daga miya, ta hana ni ruwan rijiya, sai na leda. Yara suka daina hayaniya in na shigo. Maƙwabta suka fara leƙowa da kwano a rufe, su zauna su yi ta labarin farashin gero, idonsu yana kan fuskata. Ya jikin da na gudu ya dawo, wannan karon da murya ƙasa-ƙasa.

Kada a ɗauka ban yi tunanin allurar ba. Na yi. Na kira ƙanin matata na ce ya zo. Ya hau mota daga Nguru ya iso da la'asar, na ja shi zaure na ce, "Kai, duba aikinka. Ko ba shi ba ne?"

Ya latsa nan ya latsa can. Na ga goshinsa ya yi gumi. Ya ce, "A'a, Yaya. Nawa inda aka ajiye shi nan yake zama, ba ya tashi ba ya sauka. Kuma da shi ne, ai tun makon farko zai nuna."

Na ce, "To narkar da shi dai, in huta da zargi."

Ya ce, "Ba a narkarwa a kan kumburi. Sai an san abin da ya kawo shi."

Muka shiga cikin gida. Yayarsa ta tare shi da kuka tana cewa, kai da ka san aikin asibiti, faɗa min gaskiya. Ina tsaye, ina kallon bakinsa. Ya sunkuyar da kai ya ce mata, "Yaya, ku dai je a duba ƙoda. Kun san garin nan." Ta zauna a ƙasa daɓas ta ɗora hannu a ka. Ni kuma na yarda da shi. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan in na tuna. Wanda ya san aikin ya ce ba allura ba ce, me ya rage?

Ban je asibiti da wuri ba. Tsoro ya hana ni. Muddin ba a faɗa ba, ina iya cewa ido ne, ko rashin barci. Na ci gaba da zuwa Nguru da baƙin gilashi. A hanya in motar ta wuce fadama, in ga mutane suna ban ruwa, sai in kama lissafin abin da zan sayar da farko in an ce wanki, da wanda zai riƙe yaran. Na tuna yadda yayana yake roƙon a ba shi ruwa ana hana shi. Na tuna warin ɗakin. Babarbaren ya daina tsokanata, ranar da na sauke kaya ya taso da kansa ya kama min kwali. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Babbar 'yata da take aure a Dapchi ita ta zo ta tsaya a kaina. Ta ce, "Baba, ko ka tashi mu tafi, ko in zauna a gidan nan har mijina ya aiko min da takarda." Muka tafi babban asibiti. Aka ɗebi jini, aka karɓi fitsari, aka ce mu dawo. Kwanakin jiran nan ban san ɗanɗanon abinci ba, dama miyar ba gishiri.

Likitan matashi ne, ba ɗan garin ba. Ya duba takardun ya ce ƙodata lafiya lau. Ban ji daɗi ba, don ban yarda ba. Na ce a sake. Ya ce babu buƙata, ya matso da kujerarsa, ya sa yatsu biyu a ƙasan idona. A dama ya danna ya wuce. A hagu ya tsaya, ya murza, na ji wani abu yana motsi a ciki kamar ƙwayar gurjiya.

Ya ce, "Baba, me aka sa maka a nan?"

'Yata tana zaune a gefe. Na ce ta ba mu wuri. Da ta fita na faɗa masa, ina kallon ƙasa. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce irin wannan ruwan yana jan ruwa ya riƙe, shi ya sa in an zuba shi da yawa ko a inda bai dace ba, yake tashi da mutum da safe. Ya ce in na gaskiya ne, mai suna hayaluronik, akwai allurar da take narkar da shi, amma su ba sa ajiye ta, sai Kano wurin likitocin fata. Sai ya ƙara da maganar da ta maye gurbin tsoron ƙoda a cikina. Ya ce, "In fa shi ne. Akwai waɗanda ake zubawa da ba sa narkewa har abada. Ka tambayi wanda ya yi maka, ya kawo kwalin."

A bakin asibitin na kira ƙanin matata. Na ce ƙoda lafiya, sai ka kawo maganin firji. Ya ce alhamdu lillahi, alhamdu lillahi, sai dai maganin ya lalace saboda rashin wuta, ya zubar. Na ce kwalin allurar fa? Ya ce ya ƙone da shara. Na ce kwalbar nan ta durowa, mene ne sunan abin da yake ciki? Sai layi ya fara rawa, wai ba ya jina. Bayan nan in na kira, wayar a kashe.

Da na koma gida na zaunar da matata na gaya mata. Na ɗauka za ta yi min dariya ko ta yi faɗa. Sai ta ce, "Yana tsaye a nan fa. A nan wurin. Ina kuka." Ta tashi ta shiga madafa. Da aka kawo tuwo na ji gishiri a miya har ya so ya yi yawa.

Tafiyar Kano ba zan ja ta ba. Likitar mace ce, ta manyanta, ba ta da wasa. Ta tambaye ni ko kudan zuma ya taɓa harbina na kumbura fiye da kima, na ce a'a. Ta ɗiga maganin kaɗan a fatar hannuna ta ce mu jira mu ga ko jikina zai ƙi shi. Muna jira ta ce in ba ta labarin yadda aka yi, kada in tsallake komai. Da na zo kan sirinjin leda da kwalbar durowa, ta ajiye biro.

Ta ce, "Kwalba? Zuƙa ya yi?"

Na ce zuƙa ya yi.

Ta shafa min wani abu mai sanyi, ta ɗora 'yar na'ura irin ta duba masu ciki, ta daɗe tana kallon allo. Ta ce na dama ya yi kama da wanda take tsammani. Na hagu ba ta son kamanninsa. Ta ce za ta sa maganin a duka biyun, shi zai faɗa mana gaskiya, domin abu ɗaya kawai yake ci. In ya tarar da nasa zai narkar, in ya tarar da wani abu daban zai wuce ya bar shi.

Na ce, "Likita, in bai narke ba fa?"

Ta ce, "Mu ga dai tukuna."

Na san wannan amsar. Irinta aka riƙa ba mu a kan yayana.

Bayan ta yi min allurar, na kwana biyu a wurin wani ɗan garinmu da yake sayar da kifi a can. Ba ni da aiki sai shafa fuska. Ɓangaren dama ya fara sauka tun a ranar, washegari na ji ƙashin wurin a ƙarƙashin yatsana, ramin nan da na tsana ya dawo, na yi murna da shi kamar ɗan da ya ɓata. Hagu kuwa kumburin gefe ya ragu, amma ƙwayar tana nan. Na danna, na murza, na yi mata addu'a. Tana nan.

Likitar ta sake gwadawa bayan wani lokaci, na sake hawa mota na je. Ba abin da ya canja. Ta ce ba za ta iya rantsuwa a kan sunan abin ba tunda ba kwali, amma ya fi kama da wani mai da ba a yarda a sa wa mutum a fuska ba, jiki ya kewaye shi da tsoka ya ɗaure. Ba allurar da take narkar da shi. Sai dai wuƙa, kuma wurin yana dab da ido, ko an yanka ba lallai a kwashe duka ba. Shawararta a bar shi a sa masa ido. In ya yi ja, ko ya yi zafi, ko ganina ya canja, in taho a ranar, kada in jira ran kasuwa. Na ce zai iya tashi ke nan? Ta ce zai iya, bana ko baɗi ko bayan shekaru, zai kuma iya kwanciya har ƙarshen rayuwata.

Haka nake zaune yanzu. Fuska biyu gare ni, dama a zurme, hagu da ƙulli. Duk asuba kafin in yi alwala sai na rufe idon dama na kalli ƙofar ɗaki da na hagu, in tabbatar tana nan yadda na bar ta. In mura ta kama ni wurin ya ɗan yi nauyi, ba na iya cin abinci. Mutanen gari har gobe wasu ba su yarda ba ƙoda ba ce, suna cewa ɓoyewa muke yi. Hausawa sun ce garin neman gira a rasa ido. A da karin magana ce a wurina, yanzu kwana nake da ita.

Dangin matata sun so a yi zaman sulhu. Wani kawunsu ya zo har gida ya ce yaro ne, kuskure ne, a rufa asiri, in hukuma ta ji za a rufe shagon, kuma shi yake riƙe da tsohuwarsu. Na ce na ji. Matata kuwa tun ranar nan ba ta ƙara ambaton sunan ƙaninta ba.

Ran kasuwar da ta biyo baya na sallami kayana da wuri na nufi layin 'yan hatsi. Shagon a buɗe. Wasu mata biyu suna zaune a kan bencin da na saba zama, ɗaya tana riƙe da waya tana nuna wa ɗayar hoto. Ya fito daga bayan labule da farar rigarsa, ya gan ni, ya tsaya cak.

Ya ce, "Yaya, sannu da zuwa. Mu shiga daga ciki."

Na ce, "Na shiga sau ɗaya, ya ishe ni."

Na wuce na buɗe firjin da kaina. Lemo ne da ruwan leda da wasu alluran yara. Na bar shi a buɗe. Na cire gilashina na kama hannunsa, yana ja ina ja, na ɗora yatsansa a kan ƙullin na danna har sai da na ji zafi. Matan suka miƙe tsaye.

Na ce masa, "Ka ji shi? Naka ne. Na dama na mutanen Kano da ka ɗauko a wurinsu ne, an narkar da shi. Wannan na durowarka ne, da shi za a binne ni. Allurar ba ita ce ta fi ci min rai ba, ni na kawo fuskata da ƙafata. Amma ka san yadda yayana ya mutu, kana cikin masu ɗaukar makara. Ka san abin da kalmar nan take yi a gidana, ka ɗauke ta ka jefa wa yayarka don ka tsira da labulenka. Ba zan kai ka ko'ina ba, saboda tsohuwa. Amma duk ran kasuwa in na gama da kifi, nan zan zo in zauna a kan bencin nan ba gilashi. Duk wanda ya zo shiga bayan labulen nan, sai ya fara taɓa wannan, sannan ya ce ka buɗe masa firji. Kuma kada ka ƙara ce min Yaya."